Gudun gara, kada a tarar da zago

Sau da yawa mukan ji magidanci na kukan cewa tun da ya sabunta wata manhajar intanet, wayarsa ta yi nauyi, batir kuma ba ya jimawa. Sai ya nufi mai gyara a kasuwa domin a mayar masa da tsohon zubin da hannunsa ya saba da shi. Ba mu ga laifinsa ba, don ba kowa ke da halin sayen sabuwar waya ba.

Sai dai sabuntawa ba kwalliya ce kaɗai ba, sau tari toshe ɓaraka ce. A watan Mayun 2019, kamfanin WhatsApp ya gano wata kafa a sashen kiran murya, wadda ta nan aka kai wa mutum kimanin 1,400 hari da manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ko da ba su amsa kiran ba. Nan take ya fitar da sabon zubi, ya ce kowa ya sabunta. Ke nan komawa baya tamkar zare sakatar da aka sa wa ƙofa ne.

Shawararmu ita ce a fara rage bidiyo da hotunan da suka cushe wayar, a jira gyara na gaba. Idan komawar ta zama dole, kada a yi ta a wayar da ke ɗauke da asusun kuɗi da sirrin iyali, domin waɗannan amana ce. Nauyin waya haƙuri ne maganinsa, amma asirin da ya fita ba ya dawowa. Allah ya kiyaye mu.