Waldar Bututun Tagulla: Sana'ar Da Sanyin Firji Ya Dogara A Kanta A Damargu

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 a Tanut da Belbeji da ke arewacin jihar Damagaram. A wannan lokaci firji jari ne. Da shi ake sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, da shi kuma asibitoci ke adana alluran rigakafi. Sau da yawa idan ya daina sanyi, ƴar ɓula ce a mahaɗar bututun tagulla da gas ke zagayawa a ciki.

Toshe wannan ɓula aikin mai walda ne, amma ba irin waldar ƙofa da taga ba. A nan ba a narka bututun, domin tagulla sai ta kai digiri 1,085 take narkewa. Mai gyara yakan goge bakin bututun ya yi fes, ya zura ɗaya cikin ɗaya, sannan ya gasa mahaɗar da wutar gas har ta fara ja. Daga nan sai ya ɗora sandar walda, zafin bututun ya narkar da ita, ta kwarara cikin tsagar ta toshe ta. Idan tagulla ce da tagulla, sanda mai sinadarin fosfaras ta isa. Idan kuwa da baƙin ƙarfe za a haɗa ta, sai sanda mai azurfa da hodar walda.

Akwai haɗari a aikin. Yawancin sababbin firji na amfani da gas ɗin R600a, wanda ke kamawa da wuta. Kai wuta kan bututun kafin a fitar da gas ɗin tas na iya jawo gobara. Zafin da ya wuce kima kuma yakan bar baƙin ɓawo a cikin bututun, ya toshe siririyar hanyar gas bayan an biya kuɗin gyara.

Matatar man SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 a ƙaramar hukumar Ollelewa cikin gundumar Tanut, tana fitar da gas. Sai dai gas kaɗai ba ya gyara firji, sai da hannun da ya ƙware. Ga ƴan ci-rani da ke aiko kuɗi a saya wa gida firji, biya wa ƙane kuɗin koyon wannan sana'a zai tsare jarin, ya kuma sama masa abin yi a gida.