Tangaran Ɗan Sin: A Duba Kafin A Sallama

Jama'ar Jega, Aliero da Maiyama, yau mun ɗan aje farashin albasa mun leƙa jeren ɗaki. Tangaran muke nufi, faɗi-ka-mutu, ba langa ba, ita ƙarfe ce aka shafe.

Asalinsa ƙasar Sin, garin da ya yi suna da shi kuwa Jingdezhen. Da farin yumɓu ake gina shi, a yi zane, a shafe, a gasa da wuta mai zafin digiri kusan 1,300. A 2005 an yi gwanjon wani tulu mai zanen shuɗi, ɗan ƙarni na 14, a Landan, ya haura fam miliyan 15. To, kada wannan ya ruɗi kowa. Akasarin na ɗakunanmu aikin kamfani ne, tsarabar Makka ko Kano.

Ga yadda muke gwadawa. A ƙwanƙwasa da farce: lafiyayye zai yi ƙara tamkar ƙararrawa, mai tsaga muryarsa a dushe take. Sannan a dubi zane. Na hannu ba ya zuwa bai ɗaya, na inji kuwa kowane fure sak ɗan'uwansa. Rubutun gindi fa ba shaida ba ne, don Sinawa da kansu sun daɗe suna sa sunan tsoffin sarakuna bisa sabon kaya.

Wadda ta gāji na kaka, kada ta cuɗa shi da yashi, kada ta raba tulu da murfinsa, don kuɗinsa zai faɗi. Dillali in ya taya, a ji bakin wani tukuna.