Harouna Doula: Kocin Da Aka Ture Gefe Bayan Ya Kai Mena Gasar Afirka

Mu 'yan kasuwar Tibiri da Dogon Dutsi ba mu manta da watan Oktoba na 2010 ba, ranar da muka bar ciniki muka kewaye rediyo. Masar mai riƙe da kofin Afirka ta zo Yamai, Moussa Maazou ya zura mata ƙwallo ɗaya, aka tashi a haka. Mai horar da Mena a lokacin ɗan ƙasa ne, Harouna Doula.

Shi ya kai Nijar gasar kofin Afirka ta 2012, karo na farko a tarihi, har CAF ta ba shi kyautar gwarzon koci na 2011. Amma da Gabon ta ci mu 2-0 a wasan farko, sai aka miƙa ragama ga Bafaranshe Rolland Courbis. Kamar ka yi wa rumfa kasuwa ne, ranar da ciniki ya buɗe a ɗora wani a kanta. Tunisiya da Maroko ma suka cinye mu.

Doula ya dawo. A gasar CHAN da aka buga a Aljeriya a 2023, ya kai Mena wasan kusa da na ƙarshe, ta ƙare a matsayi na huɗu.