3.4 Gano Dalilin Karkarwa da Ƙarar Birki Bayan Gyaran Shaf

A nan, abin da bakanike zai fara lura da shi shi ne lokacin da karkarwar ke tasowa. Idan sai an taka totur, laifin na shaf ne ko farfela. Idan kuwa sai an taka birki sitiyari ke rawa, to faifan birkin gaba bai zauna daidai ba, wato tsatsa ta shiga ƙarƙashinsa, ko an ɗaure wani notin taya fiye da wani. Ƙarar gugar ƙarfe takan fito ne daga farantin bayan faifan idan ya lanƙwashe. Gurnani kuwa yakan nuna babban notin shaf bai ɗauru ba, boris na lalacewa. Wannan ya fi hatsari, domin taya na iya ficewa ana cikin gudu.