Kano Zuwa Jidda: Tafiyar Shekaru Da Ta Koma Ta Sa'o'i

Maniyyacin da ya duba tikitinsa ya ga jirgi zai tashi daga filin Malam Aminu Kano da ƙarfe goma na dare, ya sauka Jidda da ƙarfe biyar na asuba ko kafin haka, yakan ɗauka tafiyar ta fi yadda take tsawo. Agogo ne ke ruɗa shi. Saudiyya ta riga Najeriya da awa biyu, kuma tikiti yana rubuta lokacin kowane gari ne da agogon garin. Shi ya sa a takarda zuwa ya fi dawowa tsawo da kusan awa huɗu, alhali hanya ɗaya ce.

Tsakanin biranen biyu akwai wajen kilomita 3,400 idan aka miƙe. Manyan jiragen alhazai na cin kilomita 850 zuwa 900 a awa guda, don haka idan aka haɗa da tashi da sauka, awa huɗu da rabi zuwa biyar ta isa. Jirgin yakan nufi gabas maso arewa, ya ratsa samaniyar Chadi da Sudan, ya tsallake Bahar Maliya. Kafin a sauka ake sanar da isowa mikati, ka ji jirgi ya ɗauki talbiyya, maza duk sun koma farare cikin harami.

Wannan layin da jirgi ke bi a sama kusan shi ne hanyar da kakanni suka bi a ƙasa. Daga Kano sai Borno, sai Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, sai Abeche, a shiga Darfur ta Janaina da Fashir, a wuce Ubayyid da Khartum, a ƙare a Sawakin inda ake jiran jirgin ruwa. A ƙafa ne ko a kan jaki, kuma ba a lissafin ta da kwanaki. Guzuri ya ƙare, mutum ya tsaya ya yi noma ko ƙwadago damina guda ko biyu, sannan ya ƙara gaba. Wasu sun yi shekaru, wasu ba su taɓa dawowa ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Kogin Nilu Shuɗi a Sudan ya samo sunansa ne daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya ci gaba da jama'a gabas bayan yaƙin Burmi a 1903. Har yau ana jin Hausa a can.

Abin lura shi ne Sudan ɗin nan ba ta daina shafar tsawon tafiyar alhazai ba. Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 aka rufe samaniyar ƙasar, ana daf da jigilar aikin Hajji. Dole jirage suka riƙa kewayawa, ko ta arewa ko ta kudu, tafiyar ta kai awa shida ko fiye, man da ake ƙonawa ya ƙaru, kamfanonin jigila kuma suka nemi ƙarin kuɗin kujera.

Sauka a Jidda ma ba isowa ba ce. Akwai layin duba fasfo da jiran kaya, sannan motar Makka, tafiyar da ba ta kai kilomita ɗari ba amma takan ci fiye da awa guda. Tsofaffin alhazai dai sukan ce wa sababbi kada su damu da awannin sama, su tanadi haƙurin zaman sansanin alhazai, inda ake iya kwana biyu a kan tabarma ana jiran a kira sunan ƙaramar hukuma.