Samarin da Suka Kifar da Tirpitz

A darasin tarihi an fi koya mana Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila, da sunayen manya: Hitila, Churchill, Stalin. Ba a cika gaya mana shekarun waɗanda aka tura bakin daga ba. A rundunar jiragen jefa bama-bamai ta Birtaniya, yawancinsu ba su wuce shekara 22 ba. Ke nan sa'anninmu ne mu da ke jami'a, ku kuma yayyenku ne da 'yan shekaru kaɗan. Wannan makon za mu duba yadda irin waɗannan samari suka yi ta kai wa wani jirgin ruwan yaƙi na Jamus hari har suka ga bayansa.

Sunan jirgin Tirpitz. Tsawonsa mita 251, wato ya fi filin ƙwallo biyu in an jera su. Yana ɗauke da manyan igwa 8, kowace tana harba harsashi mai nauyin kilo 800, kuma an lulluɓe jikinsa da ƙarfe mai kaurin da bom na yau da kullum ba ya huda shi. Mutum fiye da 2,000 ke aiki a cikinsa. Ɗan'uwansa Bismarck ya riga ya nutse a watan Mayu na 1941, saboda haka Jamusawa suka riƙa lallaɓa wannan kamar ƙwai. Tun farkon 1942 suka kai shi Nowe, suka ɓoye shi a lungunan teku masu tsayayyun duwatsu dama da hagu.

Abin mamaki, Tirpitz bai taɓa nutsar da jirgin abokan gaba ko guda ba. Zamansa kaɗai ya ishi Ingila fargaba. Ta gefen Nowe ayarin jiragen ruwa ke bi suna kai wa Tarayyar Sobiyet makamai da abinci. A watan Yuli na 1942 aka ji labarin wai Tirpitz ya fito, sai hukumomin Landan suka umarci wani ayari mai suna PQ 17 ya watse, jiragen rakiya suka janye. Tirpitz bai ma iso wurin ba, amma jiragen sama da na ƙarƙashin teku na Jamus suka bi su ɗai-ɗai, suka nutsar da 24 daga cikin 35. Ba banza Churchill ya riƙa kiran jirgin da dodo ba.

An gwada dabaru iri-iri. A 1942 aka aika jiragen sama su jefa masa bom kusa da Trondheim, aka yi asarar jirage fiye da 10, shi ko ko ƙwarzane. A Satumbar 1943 wasu ƙananan jiragen ƙarƙashin teku suka sulala suka dasa nakiyoyi a ƙarƙashinsa, ya lalace, aka gyara. Jiragen sojan ruwa ma sun jijji masa ciwo a 1944, ya sake miƙewa.

Sai wani injiniya, Barnes Wallis, ya ƙera bom ɗin da aka sa wa suna Tallboy. Tsawonsa ya haura mita 6, nauyinsa kusan kilo 5,400, kwatankwacin buhun siminti 108. An yi masa fika-fikai a wutsiya masu sa shi juyawa kamar katantanwa, yana saukowa da gudun da ya kusa na sauti, ya huda ƙarfe tukuna ya fashe a ciki. Guda ɗaya tak jirgin Lancaster ke iya ɗauka. In ka kuskure, shi ke nan, tafiyarka ta tashi a banza.

Ƙungiyoyin jirage biyu aka ɗora wa aikin, ta 9 da ta 617. A lokacin Tirpitz yana can ƙuryar arewacin Nowe, inda jirgi ba zai iya zuwa daga Birtaniya ya komo ba. Saboda haka suka fara tashi zuwa Rasha, kusa da Arkhangelsk, cikin mummunan yanayi, har wasu jiragen suka ɓata hanya suka faɗa fadama. Ranar 15 ga Satumba, 1944 suka kai hari daga can. Jamusawa suka kunna injinan hayaƙi, lungun ya turnuƙe, amma bom guda ya sami goshin jirgin. Jamusawa suka ja shi kudu zuwa kusa da garin Tromso, suka girke shi ya zama ganuwa mai igwa.

Wannan matsowa ita ta jawo masa ajali, domin yanzu ana iya kai masa daga Sikotilan, amma da ƙyar. Zuwa da dawowa mil 2,250 ne, wajen awa 13 a sama. Don man ya isa, sai da aka cire ɗakin bindiga na tsakiyar jirgin, aka cire sulken ƙarfen da ke kare matuƙi, aka cusa ƙarin tankunan mai a cikin cikin jirgin. A nan, a ganinmu, jarumtar take. Ku tsaya ku auna: an rage maka bindiga, an cire maka garkuwa, an zaunar da kai kusa da tankin mai, ga sanyin da ke daskarar da yatsu, kuma an gaya maka akwai jiragen yaƙin Jamus a Bardufoss, tafiyar 'yan mintuna daga inda za ka. Babu jirgin rakiya ko ɗaya, don babu mai iya wannan nisa.

Sun je ranar 29 ga Oktoba. Suna dab da isa gajimare ya rufe jirgin ruf, suka jefa bama-bamansu bisa kirdado, suka komo ba nasara. Lokaci kuma yana ƙure musu, domin daga ƙarshen Nuwamba rana ba ta fitowa a Tromso sai a watan Janairu. Sai aka ce su sake komawa, suka koma.

Ranar 12 ga Nuwamba, wajen ƙarfe 3 na dare, jirage 32 suka tashi ƙarƙashin jagorancin Willie Tait, mai shekara 27. Suka bi ƙasa-ƙasa a kan teku don kada na'urar hango jirage ta gan su, suka ratsa ta sararin Suwidin, sa'an nan suka ɗaga sama suka ɓullo wa Tromso ta bayan duwatsu. Gari garau, babu gajimare, babu hayaƙi. Da ƙarfe 8:41 na safe bom na farko ya sauka. Aƙalla biyu suka faɗa kan jirgin sosai, wasu suka fashe dab da shi, ma'ajiyar albarushinsa ta tashi. Cikin minti 11 Tirpitz ya kife, gindinsa sama. Jiragen Bardufoss ba su iso ba sai da aka gama. Lancaster ɗaya kaɗai bai komo gida ba, ya yi saukar dole a Suwidin, mutanensa duk da rai.

Kada murna ta mantar da mu waɗanda ke ciki. Kusan mutum 1,000 suka mutu, su ma yawancinsu samari. Wasu sun maƙale a cikin jirgin da ya kife suna bubbuga ƙarfe, aka yanka jikinsa aka fito da mutum 80 da wani abu. Sauran aka ji bugunsu ya yi shiru.

Tunawa da mutanen wannan runduna ba ta zo da sauƙi ba. Cikin kimanin 125,000 da suka yi aiki a jiragenta, 55,573 sun mutu. Amma rundunar ce kuma ta ƙona biranen Hamburg da Dresden, inda dubban fararen hula suka hallaka, don haka bayan yaƙi 'yan siyasa suka riƙa kauce wa zancenta. Sai ranar 28 ga Yuni, 2012 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe musu wurin tunawa a Green Park da ke Landan, shekara 67 bayan yaƙin, lokacin da waɗanda suka rage duk sun kusa ko sun haura 90. Mutum-mutumin da ke wurin na ma'aikatan jirgi 7 ne da suka dawo daga aiki, fuskokinsu a gajiye, wasu na duban sama kamar masu jiran abokansu. An kuma rubuta a jikin ginin cewa ana tunawa da mutanen kowace ƙasa da bom ya kashe.

Su kuwa ƙungiyoyin 9 da 617 sun daɗe suna musu kan bom ɗin wa ya yi kisan. Da Nowe ta ba su kyautar wani gutsuren bangon jirgin, suka shekara aru-aru suna sace wa juna shi, har aka gaji aka kai shi gidan tarihin sojan sama a Landan. Ragowar Tirpitz an yanyanka shi tsakanin 1948 da 1957, kuma wasu falayen ƙarfensa birnin Oslo ya saya, ma'aikatan hanya suna rufe ramuka da su motoci su bi ta kai.