3.4 Jibdar Bature da Sinadarin da ke Cikinta

Kamar yadda aka yi bayani a baya, jibda tana cikin kayan ƙamshin da matan yankin Bakolori, wato Talata Mafara da Bakura da Maradun, suke sakawa a humra da turaren wuta, musamman idan ana shirin kai amarya. To amma mafi yawan abin da ake kira jibda a kasuwa a yau bai fito daga jikin dabba ba. A nan za a yi ƙoƙarin bayyana asalinsa.

Ita jibda ta ainihi wani maiƙo ne mai kauri da ake kankarowa daga 'yar jakar da ke ƙarƙashin wutsiyar tunkun jibda. Kiwon wannan dabba tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, domin Baturen nan Kilafaton, da ya ziyarci Sakkwato a 1824, ya ambaci cewa Atiku, ɗan'uwan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yana da tunku kusan 200 a gidansa. Sai dai abin da tunku guda yake bayarwa a mako bai wuce giram 3 zuwa 4 ba. Wannan shi ya jawo tsadarta, kuma shi ya sa masu neman riba suke gauraya ta da mai.

A 1926 wani masanin kimiyya mai suna Ruzika, wanda ya yi aiki a ƙasar Suwizalan, ya gano ƙirar sinadarin da ke ɗauke da ƙamshin, wato sibeton. Ƙwayarsa ta ƙunshi zarrar kabon 17 da haidurojin 30 da oksijin 1. Abin lura shi ne, waɗannan kabon 17 sun riƙe juna sun kewaya kamar zobe, alhali kafin lokacin masana suna ganin zobe mai girma haka ba zai tsayu ba. Wannan aiki yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1939.

Girman zoben nan shi ne sirrin jibda. Da yake ƙwayar tana da nauyi, ba ta saurin bin iska, don haka ƙamshinta yakan kwana a jikin zane, ya kuma riƙe sauran kayan ƙamshi marasa nauyi kada su gudu da wuri. Abin da mata suke nufi ke nan idan suka ce humra ta "kama jiki". Shi kuwa warin da ake ji a ɗanyar jibda, wani sinadari ne daban mai suna sikatol yake kawo shi, ba sibeton ba.

Bayan gano ƙirar, sai aka shiga harhaɗa sibeton a masana'antu, har daga wani maiƙo da ake samu a manja. Wannan ya sauƙaƙa wa tunku, ya kuma sauƙaƙa kuɗi. Matsalar tana ga suna. Kalmar jibda ta faɗaɗa ta haɗe ta dabba da ta kwalba, har mai saye takan biya kuɗin ta farko a miƙa mata ta biyu. Tsofaffin masu haɗa humra ne kawai suke iya bambancewa, su ma da hanci, domin ta kwalba ba ta da wannan warin na farko.